Ku Bar Ta Ta Ci Gaba Da Maganinta

Na ga bidiyon nan da ake ta turawa tun shekaranjiya, na kuma karanta abin da mutane ke rubutawa a ƙarƙashinsa, raina ya ɓaci ƙwarai. Mace mai sankarar mama ta sha kemo, wato ruwan maganin cutar daji da ake sa wa a asibiti, sau biyu, gashinta ya zube, sai yayyenta maza suka zauna suka yanke shawara wai asibiti ne ke kashe ta, suka kwashe ta sai ƙauye wajen mai magani. Wata huɗu ana shafa mata ƙulli ana banka mata hayaƙi. Yanzu ƙirji ya fashe, ba ta iya tashi, an dawo an haska mata waya ana neman taimakon al'umma. Har wasu na yaba musu wai sun riƙe zumunci. Wallahi sun cuce ta, ko da kuwa da kyakkyawar niyya suka yi.

Ba a katse maganin sankarar mama a tsakiya. Wannan ita ce maganata, kuma zan yi ta maimaita ta.

Zubewar gashin da ta firgita su ai sananniya ce. Takan fara ne mako biyu zuwa uku bayan ruwan farko, kuma gashin yana dawowa idan an gama. Jan ruwan nan, doxorubicin, yana mayar da fitsari ja na kwana ɗaya ko biyu, ba jini ba ne. Paclitaxel, wani maganin kemon, na sa yatsun hannu da na ƙafa su riƙa yin dindiris. Duk wannan likita ya san da shi, kuma yana da dabarar rage shi. Galibi ana ba da kemo duk bayan kwana 21, domin a wannan tazarar jini ke farfaɗowa, cutar kuma ba ta samu sararin miƙewa ba. Ka tsallake wata uku ko huɗu, ka ba ta fili ta sake yin ƙarfi, kuma wahalar da 'yar'uwarka ta sha a baya ta tafi a banza.

Na san za a ce min "daji ba ya son ƙarfe", "daji ba ya son allura". Wannan maganar ta binne mata da yawa. Allurar da ake ɗebo ɗan nama da ita a kai gwaji ita ce ke nuna irin cutar. Alamomi uku ake dubawa a naman don a san abin da ke ciyar da cutar: ER, PR da HER2. Idan ER ko PR ce, wato cutar na cin abinci ne daga sinadaran jikin mace, ƙwaya ɗaya a rana, tamoxifen mai 20mg, ko letrozole ga wadda ta daina al'ada, na iya riƙe ta tsawon lokaci. Idan HER2 ce, akwai maganin trastuzumab duk mako uku, tare da hoton zuciya lokaci-lokaci. In duka ukun babu, kemo ne madogara. Mai ƙulli bai san wacce ce a ciki ba, shi duk "daji" ne.

Wasu kuma za su ce tunda ta kai mataki na huɗu ai an gama. Gaskiya ne idan ta bazu zuwa ƙashi, huhu, hanta ko ƙwaƙwalwa, da wuya a ce an kawar da ita gaba ɗaya, kuma bai kamata a yi wa kowa ƙarya ba. Amma ana danne ta. Akwai matan da ke shekaru suna shan magani, suna kai 'ya'yansu makaranta, suna azumi idan likita ya amince. Wa ya ba ka ikon hana ƙanwarka waɗannan shekarun? Ran ma na Allah ne, kai neman magani aka umarce ka da shi. A yi addu'a, a yi sauka, a ba ta zamzam, amma ranar asibiti a kai ta asibiti.

In da gaske kana son taimakon yayarka ko ƙanwarka, ga aikin. Mutum ɗaya a cikinku ya riƙe fayil. Ɗaya, ba yau Yaya ba gobe Anti jibi ɗan maƙwabta. Sakamakon gwajin nama, hotuna, gwajin jini, takardun magani, duk a jaka guda, a kuma ɗauki hoton kowanne a waya. A sami littafi a riƙa rubuta ranar da aka sa ruwa, sunan maganin, sau nawa ta yi amai, me ta ci. Kwana ɗaya ko biyu kafin kowane zagaye a yi gwajin jini, don kada ku yi sammako daga wani gari a ce jininta ya yi ƙasa ku koma. Idan ya yi ƙasa likita ne zai ɗaga ranar, ba taron dangi ba. Ku kuma je a gwada jininku tun da wuri, don ranar da za a nemi leda biyu ba ranar kiraye-kirayen waya ba ce.

Ku sayi ma'aunin zafin jiki, bai kai kuɗin ƙulli ɗaya ba. Tsakanin kwana 7 zuwa 14 bayan kemo garkuwar jikinta na faɗuwa ƙasa sosai. Idan ma'auni ya nuna 38, ko dare ya raba a tafi asibiti, a gaya musu tana kan kemo. A nan ne muke asarar mata: a ce ai maleriya ce, a aiki yaro kemis, a ba ta farasitamol zazzaɓi ya ɓuya, kafin asuba ƙwayar cuta ta mamaye jini. A auna kafin a ba ta komai.

Sabon ciwon baya mai tsanani, ƙafa ta yi nauyi, fitsari ya ƙi fita ko ya riƙa zuba ba ta sani ba: wannan lakar baya ce cutar ta danne. A ranar ake zuwa, domin idan ƙafa ta mutu aka kwana biyu, da wuya ta dawo. Kada a kai ta wajen mai ɗori, kada a yi mata tausa. In kuma kuka ga ƙishirwa ta yi yawa, ba ta bayan gida, ta fara sambatu, kafin ku ce aljanu a auna sinadarin kalsiyam na jininta. Ƙashin da cutar ke ci ne ke zubo shi, kuma ƙarin ruwa da maganin zoledronic acid na sauke shi. Haki da kasa kwanciya rigingine na iya zama ruwa ne ya taru a gefen huhu, ana zuƙe shi ta samu numfashi.

Batun ciwo kuwa, ku ji tsoron Allah ku daina hana ta mofin, maganin kashe ciwo mai ƙarfi. Na ruwa ana shan sa duk bayan awa huɗu, a kan lokaci, ba a jira sai ta fara ihu. Ba ya mayar da mai wannan ciwon 'yar ƙwaya, kuma ba shi ke nuna ajali ya zo ba. Yana ɗaure ciki, don haka tun ranar farko a nemi maganin sassauta ciki tare da shi.

Gyambon ƙirji shi ne abin da ke sa dangi gudu, ita kuma ta ɓuya a ɗaki don kunya. A tafasa ruwa rabin lita, a sa gishiri ƙaramin cokali ɗaya, a bari ya huce, a zuba a hankali ba gurzawa. A jiƙa tsohon bandeji kafin a cire, in ba haka ba zai ɓalle da nama jini ya tsinke. Warin daga ƙwayoyin cuta yake, kuma ma'aikatan jinya kan nuna yadda ake niƙa Flagyl a barbaɗa, cikin 'yan kwanaki ya ragu. Toka, kanwa, man juye, babu ɗayansu da zai hau wannan wurin. Hannun gefen da aka yi aiki kuma a kiyaye shi daga allura da awon jini in da hali, saboda kumburi.

Kuɗi? Na sani, maganin nan na cinye gona da gida. Amma kuɗin da aka zuba a wata huɗu na hayaƙi da raguna da zai biya zagaye nawa? Gwamnatin tarayya na da asusun tallafa wa masu cutar daji, kuma sankarar mama na ciki. Asibitin koyarwa na Shika da na Gombe da Asibitin Ƙasa na Abuja suna cikin waɗanda aka fara da su. Ku je ofishin walwalar marasa lafiya ku tambaya, ku cike takarda. Ku raba nauyin a tsakaninku wata-wata, kowa ya san nasa kafin ranar ta zo. In an ce gashi za a yi, wato ƙona cutar da hasken inji, ku kira ku tabbatar injin na aiki kafin ku hau mota, don ba kowane asibiti ke da shi ba. Ku kuma riƙa tambayarta ita me take so. Jikinta ne, da hankalinta, ku daina ƙus-ƙus da likita a bayan labule.

Ba a katse magani. Idan ya yi mata nauyi a koma a faɗa, ana rage shi, ana canja shi, ana ma iya dakatar da shi, amma a gaban likita kuma da yardarta.

Ku kuma 'yan dubiya, don Allah. Mutum goma sha biyar a ɗaki ɗaya, da yara masu tari da majina, kowace ta sha humra da turaren wuta, alhali mai kemo ƙamshi kaɗan ke tayar mata da amai. Ga mai ba da labarin wance da ta yi irin wannan ciwon ba ta kai sallah ba. Ku shigo bibbiyu, ku wanke hannu, minti goma ya isa. Mai mura ta gaishe ta ta waya. In kina son lada ki ɗebi wankin yaranta, ko ki aiko da kunun gyaɗa mai ɗumi da safe, shi ya fi zama a cikinta.