Aikin nesa ma amana ne

'Yan uwana matasa, ku ba ni aron hankalinku. A watan Afrilun 2020, lokacin da annobar korona ta rufe makarantu, hukumar ilimi ta Majalisar Ɗinkin Duniya, UNESCO, ta ce ɗalibai sama da biliyan 1.5 ne karatunsu ya tsaya, a watan ne kuma Zoom, dandalin taro ta bidiyo a intanet, ya ce masu shiga taro a kansa sun kai miliyan 300 a kullum. Annoba ta lafa, amma aiki da karatu ta intanet sun zauna daram. Abin da ke damuna shi ne yadda da yawanmu muka ɗauka tunda babu mai tsaye a kanmu, sai mu yi abin da muka ga dama.

Ɗauki aikin rukuni a Google Docs, manhajar da mutane da yawa ke rubutu tare a takarda ɗaya ta intanet. Ku biyar ne a takarda ɗaya, an raba wa kowa sashensa. Takardar nan tana ajiye tarihin duk gyaran da aka yi, da sunan wanda ya yi, da rana, da lokaci. Wanda ya ɓace mako biyu, ya leƙo daren ƙarshe ya gyara waƙafi uku don a ce da shi aka yi, ana ganinsa ƙarara. Wanda ya kwaso shafi guda daga wani wuri ya manna, shi ma rubutunsa zai bayyana a faɗuwa ɗaya. Ba don ku ji tsoron kamu nake faɗa ba. Mutum huɗun nan sun dogara da kai, wata ta hana idonta barci tana cike gurbin da ka bari, kuma makin da za a bayar da sunanka a ciki. Wannan hakki ne, wallahi, ko da babu wanda ya buɗe tarihin.

In ka ga ba za ka gama a kan lokaci ba, faɗa tun da wuri. Shiru ya fi jinkiri ciwo, domin abokin aikinka ba ya ganin fuskarka, balle ya gane ko rashin lafiya ce ta kwantar da kai.

Sai batun taro. Zoom na kyauta minti 40 yake bayarwa, amma sai a ƙone goma a "Kuna ji na?" Gwada makirfo da kyamararka kafin lokaci, ka kashe makirfon in ba kai ke magana ba. Kuma kada a watse sai an rubuta wa zai yi me, zuwa yaushe. Taron da ba a rubuta komai ba, gobe kowa da irin abin da zai ce an yanke.

Ku kula da izinin shiga. Wajen raba takarda akwai mai kallo, akwai mai sharhi, akwai mai gyara. Kada ka ba duk wanda ya samu adireshin damar gyara don kawai ya fi sauƙi, musamman in akwai sunayen mutane ko bayanan kuɗi a ciki. A 2020 ɓata-gari sun riƙa kutsawa cikin azuzuwan Zoom suna watsa batsa da zagi, galibi saboda an baza adireshin taro a fili. Sa kalmar sirri, ka kunna ɗakin jira (inda mai shiga zai dakata sai an ba shi izini), wanda kuma ya bar rukuni a cire masa izini a ranar.