"An Ce" Ba Majiya Ba Ce

Ƙannena masu riƙe da makirufo, da ku masu shafukan labarai a Facebook da TikTok, ku ara mini kunnuwanku na ɗan lokaci.

A 1939 aka fara buga jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a Zariya, Abubakar Imam yana editanta, ana sayar da ita kwabo ɗaya. Sunan kansa alkawari ne aka yi wa mai saye. Daga baya rediyo ya shigo, Sashen Hausa na BBC a 1957, ga kuma Rediyon Kaduna. Iyayenmu idan gardama ta yi zafi a zaure, da wani ya ce "a rediyo na ji", shi ke nan an kashe magana. Wannan yardar wasu ne suka tara ta shekara da shekaru, mu gadonta muka ci, kuma muna ta cin uwar kuɗin ba ma ƙarawa.

Bari in fara da abin da ba ma son a taɓo, wato kuɗin mota. An gama taron manema labarai, an kira ka gefe, an miƙo ambulan. Na san halin da ake ciki, akwai wanda ke yin wata da watanni ba albashi, akwai wanda katin shaidar aiki kawai aka ba shi aka ce ya je ya nemi na kansa. Ba na raina wannan uzurin. Amma ka lura, mai ba ka ambulan da wuya ya ce ka yi ƙarya. Shirunka yake saye. Tambayar da ka shirya kan asibitin da aka ware wa kuɗi ba a gina ba, ita ce za ta maƙale maka a wuya, domin bakin da ya ci shi ke jin kunya. Haka gidan rediyon da ke sayar wa sojojin baka fili, su yi ta zuba, ba tare da an sanar da mai sauraro cewa shirin nan biya aka yi ba. Dattijon da ke sauraro a gona ya ɗauka labarai yake ji, alhali talla ce.

Sai gaggawa. Ku tuna watan Agustan 2014, lokacin cutar Ebola, da aka riƙa tashin mutane da asuba a waya ana cewa a yi wanka da ruwan gishiri, a kuma sha. An kwantar da mutane a asibiti, wasu sun rasu. Yawancin waɗanda suka tura saƙon nan ba mugaye ba ne, tausayin 'yan'uwa ne ya sa su. A rikicin Filato na 2018 kuwa, an yaɗa hotunan gawarwaki waɗanda wasunsu ba ma a Najeriya aka ɗauke su ba, suka ƙara rura wutar. Manzon Allah (SAW) ya ce ya ishi mutum ƙarya ya riƙa faɗin duk abin da ya ji. Wannan hadisin ya dace a manna shi a bangon kowane ɗakin labarai.

"Wata majiya mai tushe" da ba ka taɓa magana da ita ba, ƙarya ce. Kanun labari mai "Da ɗumi-ɗumi" ko "Innalillahi" wanda in an buɗe ba a samun abin da ya faɗa, shi ma ƙarya ne, ko da abin da ke ciki daidai ne. Kafin ka saki labarin da ya shafi mutuncin wani, kira shi ka ji ta bakinsa. In bai ɗauka ba, rubuta cewa ka kira bai ɗauka ba.

Kuskure kam za ka yi shi, duk wanda ya daɗe a aikin nan ya yi. Abin da nake roƙonka, kada ka goge labarin cikin dare ka wayi gari kamar ba a yi ba. Wani ya riga ya ɗauki hotonsa, yana yawo a WhatsApp da sunanka a kai. Koma shafin da ka yi kuskuren, ko shirin da ka faɗe shi, ka ce jiya mun faɗi kaza, ba haka ba ne, ga yadda abin yake, sannan ka nemi afuwar wanda ka ɓata wa suna ka ambaci sunansa kamar yadda ka ambata da farko.