Idan aka tambayi talaka kan kuɗin ruwa, amsarsa ɗaya ce

A watan Nuwamban 2016, ranar da mutanen jihar Dakota ta Kudu a Amurka suka zaɓi Donald Trump da gagarumin rinjaye, akwai wata tambaya a kan takardar ƙuri'arsu: shin a hana masu ba da bashin gaggawa karɓar kuɗin ruwa sama da kashi 36 cikin ɗari a shekara? Kusan kashi 76 cikin ɗari suka ce a hana. Wannan fa jiha ce da aka sani da sakar wa masu ba da bashi mara, domin ɗage iyakar kuɗin ruwa da ta yi ne ya sa Citibank ya kai harkar katinsa na bashi birnin Sioux Falls a 1981. Mutum biyu ne suka ja ragamar yaƙin neman ƙuri'ar: Steve Hickey, fasto ɗan jam'iyyar Republican, da Steve Hildebrand, wanda ya taɓa yi wa Barack Obama aikin kamfe. Ba sa ga maciji a siyasa, amma a kan wannan batu bakinsu ya zo ɗaya.

Bashin da ake magana a kai shi ne na jiran albashi. Mutum ya shiga matsi, ya je shago ya karɓi dala 300, da sharaɗin idan albashi ya shigo bayan mako biyu zai biya dala 345. A ido dala 45 ba wani abu ba ne, amma idan aka lissafa a shekara, ruwan ya kusa kashi 400 cikin ɗari. Kuma wanda bai da dala 300 yau, ina zai samo 345 bayan kwana 14 alhali ga kuɗin haya ga cefane? Sai ya biya ruwan kawai, a sabunta masa bashin. Hukumar kare masu hulɗar kuɗi ta Amurka, CFPB, ta gano a 2014 cewa sama da kashi 80 cikin ɗari na irin wannan bashi ana sabunta shi ne, ko a sake cin wani cikin mako biyu. Ribar kasuwar tana wajen wanda ya kasa biya, shi ne saniyar tatsa.

Dakota ta Kudu ba ita kaɗai ba ce. Montana ta amince da iyakar kashi 36 a 2010. Kolorado ta bi sahu a 2018 da kusan kashi 77 na ƙuri'u, Nebraska kuma a 2020 da kusan kashi 83. Tun 2006 majalisar dokokin Amurka ta sa wannan iyaka a kan bashin da ake ba sojoji da iyalansu, bayan ma'aikatar tsaro ta koka cewa bashi na hana dakarunta sukuni. In dai ruwan ya yi wa soja yawa, ban ga dalilin da zai zama daidai ga mai wanke kwanuka a gidan abinci ba.

Masu adawa da iyakar suna da hujja, kuma bai kamata a yi watsi da ita ba. Sun ce idan aka matse farashi, masu ba da bashi za su rufe shaguna, talaka ya rasa inda zai nufa ranar da mota ta lalace ko yaro ya kwanta. Gaskiya ne shaguna sun rufe a Dakota ta Kudu, domin ruwan dala 300 na mako biyu a kan kashi 36 bai wuce dala huɗu da 'yan canji ba. Kenya ma ta sa wa bankuna iyaka a 2016, ƙananan 'yan kasuwa suka sha wuyar samun lamuni, aka soke dokar a 2019. Sai dai ta Kenya ta hau kan dukkan bashin bankuna ne, kuma maki huɗu kacal ta bari a saman farashin babban banki. Kashi 36 kuwa ya bar fili mai faɗi ga duk mai neman riba ta hankali.

Abin da ya fi ja hankalina shi ne su waye suka kaɗa waɗannan ƙuri'u. Ba a samun kashi 83 sai da hannun masu ƙaramin ƙarfi, wato mutanen da ake cewa za a cuta. Sun ci bashin, ko ɗan'uwansu ya ci, ko maƙwabci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. A Dakota ta Kudu har dabara aka gwada musu: kamfanonin suka ɗauki nauyin wata tambaya ta biyu mai cewa iyaka kashi 18, amma in mai cin bashi ya sa hannu a takarda, a caje shi ko nawa ne. Masu zaɓe suka gane tarkon, suka kayar da ita.

Mu nan ba baƙin wannan ciwo ba ne, ya dai shigo mana ta waya. Manhajojin ba da bashi a Najeriya sun yi ƙaurin suna wajen tura wa dangi da abokan mutum saƙon cewa ɓarawo ne don ya makara da 'yan kwanaki. Hukumar kare haƙƙin masu saye ta Najeriya, FCCPC, ta fara yi musu rajista a 2022, Google kuma ya hana su leƙa lambobin da ke wayar mutane a 2023. An rage tozarcin, amma farashin da ke kai mutum ga kasa biya yana nan. Da yawa daga cikinmu ribar bashi haramun ce a gare su ko kashi ɗaya ne, sai dai matsi kan kai mai gudun ta ya danna manhajar da tsakar dare, kuma doka ce kawai za ta tsaya masa a lokacin.

Birtaniya ta nuna yadda ake rubuta irin wannan doka. Tun Janairun 2015, a bashin gaggawa ruwa da sauran caji ba sa wuce kashi 0.8 cikin ɗari a rana, tarar makara ba ta wuce fam 15, kuma duk rintsi ba za a karɓi fiye da ninki biyu na abin da aka ranta ba. Wannan sharaɗi na ƙarshe nake so Majalisar Tarayya ta ɗauko, a haɗa da kuɗin fom da na inshora da duk wani suna da ake laƙaba wa caji, ta yadda wanda ya ranci naira dubu ashirin zai san tun ranar farko cewa ba mai tambayarsa sama da dubu arba'in.