Ceto kyauta ne, amma albashin malamar nan bashi ne

Ranar Laraba da ta wuce gardama ta kaure a wurin nazarin Littafi Mai Tsarki na sashen Hausa a cocinmu da ke Sabon Gari, har lokacin tashi ya wuce ba wanda ya duba agogo. Wani saurayi ɗan jami'a ne ya ɗaga hannu, ya ce tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 bai ji wa'azi ko ɗaya a kan zalunci ko tsadar rayuwa ba, kullum sai a yi haƙuri, a yi addu'a. Ɗaya daga cikin dattawanmu, mutumin da nake ganin girmansa ƙwarai, ya ce masa, "Ɗana, ba gyaran Najeriya aka aiko mu ba, ceton rayuka aka aiko mu. Duniyar nan wucewa za ta yi." Yaron ya sunkuyar da kai ya ce, "Baba, a gafarce ni, amma da ruwan ciki ake jan na rijiya. Wanda ya kwana da yunwa, da wane kunne zai ji bishara?" Ban tanka ba a wurin. Amma maganar ta bi ni har gida ta hana ni barci, shi ya sa na kawo ta nan.

Ni 'yar mai bishara ce, a gindin wannan koyarwa na tashi, kuma a kanta zan mutu: ceto ta wurin alheri ne, ta wurin bangaskiya ga Yesu Almasihu, ba ta wurin ayyuka ba, kamar yadda yake a Afisawa 2:8-9. Ko da zan ciyar da duk mayunwatan Fagge, in biya wa kowane majinyaci a Kano kuɗin magani, hakan ba zai goge mini zunubi ko ɗaya ba. Ɓarawon da aka gicciye tare da Ubangiji bai sauko ya yi wa kowa aikin kirki ba, hannuwansa a kafe suke, amma ya samu alkawarin Firdausi. A nan Baba yana da gaskiya, kuma ba shi ya fara jin wannan tsoro ba. Marigayi Dakta Byang Kato, ɗan Kwoi, wanda ya riƙe muƙamin babban sakataren ɗarikar ECWA kuma ya rasu a 1975, ya sha gargaɗin ikilisiyar Afirka kada ta mai da ceto ya zama 'yancin siyasa kawai. Coci da ya bar gicciye ya koma ƙungiyar fafutuka ya rasa abin da shi kaɗai aka damƙa wa.

Abin da ke ci mini rai shi ne, muna haddace aya 8 da 9 mu rufe littafin. Aya 10 tana nan manne da su, tana cewa an halicce mu cikin Almasihu domin kyawawan ayyuka waɗanda Allah ya shirya tun da wuri mu yi. Bulus ɗin da ya rubuta wa Romawa a kan kuɓuta ta wurin bangaskiya, shi ne ya yi ta yawo yana tara gudummawa a Makidoniya da Akaya domin matalautan Urushalima. Shi kansa Martin Luther, wanda muke jingina da shi in an zo batun bangaskiya kaɗai, me ya tayar masa da hankali a Jamus a 1517? Ana sayar wa talakawa takardun sassaucin horon zunubi da 'yan kuɗin abincinsu. A cikin batutuwa 95 da ya rubuta, na 43 cewa ya yi a koya wa Kirista cewa wanda ya ba matalauci ko ya ranta wa mabukaci ya fi wanda ya sayi takardar nan aikin kirki. Wato tun ranar farko, cewa ceto kyauta ne ya zo tare da cire hannun macuci daga aljihun talaka.

Manyanmu ma sun zauna a kan wannan gardama. A taron Lausanne na 1974 a Suwizalan, wanda shahararren mai wa'azi ɗan Amurka Billy Graham ya kira, kuma Kato yana cikin waɗanda suka yi jawabi, an amince cewa aikin gyaran al'umma ba shi ne wa'azin bishara ba, 'yancin siyasa ba shi ne ceto ba, amma dukansu biyu nauyi ne a wuyan Kirista. Yau fiye da shekara 50 ke nan muna maimaita musu kamar ba a taɓa yi ba.

Wajen jinƙai kam ba a bar mu a baya ba. Asibitin ido na ECWA da 'yan mishan ɗin SIM (Sudan Interior Mission) suka kafa a nan Kano a 1943 ya buɗe idon mutane ba adadi, Musulmi da Kirista, ba a tambayar kowa addininsa kafin a duba shi. An yi jinyar kutare a Yadakunya. Zumuntar mata kuwa kowace Kirsimeti tana raba wa gwauraye shinkafa da atamfa. Inda muke ja da baya shi ne wurin tambayar abin da ya jefa mutum cikin halin da yake ciki. Mu ba gwauruwa kwano biyu na shinkafa, wannan mai sauƙi ne. Mu tsaya mata a gaban dangin miji da suka kwashe takardun gida bayan jana'iza, nan ne za ka ji an ce maganar iyali ce, coci ba ya shiga.

Na san dalilin shirun dattawanmu, kuma ba zan kira shi ragwantaka ba. Wanda ya ga rikicin addini na Oktoban 1991 a garin nan, ya ga na Mayun 2004, ya kwashi gawa bayan harin bam a tashar New Road a watan Maris na 2013, ba zai yi gaggawar tura 'ya'yansa kan titi ba. Mu 'yan tsiraru ne a Kano, kalma ɗaya daga kan bagade tana iya zama wuta. Da aka yi zanga-zangar tsadar rayuwa a Agustan 2024, ni ma na hana ƙannena fita. Amma da aka gurfanar da yaran da aka kama a gaban kotu a Abuja a watan Nuwamba, wasunsu na faɗuwa a sume, da yawansu 'yan Kano ne, ban ji an ambace su ba ko a addu'ar roƙo a inda nake sujada. Don ba namu ba ne? Basamariyen da Yesu ya ba da misali da shi bai tambayi wanda ya tarar kwance a hanya inda yake sujada ba.

To a bar gwamnati, a bar titi. Laifi tudu ne, mun taka namu muna hango na wani. Akwai wata 'yar'uwa a zumuntarmu, gwauruwa mai 'ya'ya uku, tana koyarwa a wata makarantar kuɗi. Mai makarantar Kirista ne, in ana baikon godiya shi ake fara gani a gaba. Albashinta bai kai rabin naira 70,000 da aka sa a matsayin mafi ƙarancin albashi a 2024 ba, kuma yau wata uku ke nan bai biya ta ba. Da ta je ta roƙe shi, ce mata ya yi, "Malama, ki ɗauka aikin Ubangiji kike yi, ladanki yana sama." Ta ba ni labarin tana kuka. Wannan magana ta fi hana ta kuɗin yi mini ciwo, domin ya ɗauki abu mafi tsarki da muke da shi ya toshe bakin mai haƙƙi. Littafin Firistoci 19:13 ya hana a kwana da ladan ɗan ƙodago. Yakubu 5:4 ya ce ladan da aka danne wa masu girbi yana kuka, kukan kuma ya kai kunnen Ubangiji. Yakubun nan dai shi ne ya ce bangaskiya ba tare da ayyuka ba matacciya ce.

Kuma ba ita kaɗai ba ce. 'Yan matan da ake ɗauko mana daga ƙauyukan kudancin Kaduna da Filato da alkawarin makaranta, su ƙare a wanke-wanke da raino, a gidajen wa suke? Yaran shago a kasuwar Sabon Gari da suka yi shekaru suna hidima, lokacin sallama ya zo a ƙaga musu sata, iyayen gidansu ba ranar Lahadi muke cin jibin Ubangiji tare da wasunsu ba? Gyaran wannan ba ya bukatar kwali ko zanga-zanga, ba kuma zai jawo wa kowa rikicin addini ba. Fasto ɗaya da dattawa biyu sun isa.

Ɗan'uwana saurayi, kada zafin zuciya ya sa ka raina wa'azin tuba, domin shi ne kaɗai ke iya juya zuciyar mai makarantar nan. Baba kuma, da girmamawa nake roƙo: ran Asabar mu mata huɗu za mu je gidan mutumin nan mu yi masa magana a kan albashin wata ukun. Ya san ka, yana jin nauyinka. Ka zo ka shige mana gaba.