Jarabawa ta cinye karatun makarantun gwamnati

Jama'a wai har yaushe za a ci gaba da auna yaran talakawa da mudun da ba su taɓa gani ba? Yaro ya yi shekara shida a sakandaren gwamnati, aji cike maƙil wasu a ƙasa suke zama, bai taɓa ɗora yatsa a kan kwamfuta ba, sai ranar JAMB, jarabawar shiga jami'a, a zaunar da shi gaban allo agogo na gudu, a ce wai gasa yake da ɗan makarantar kuɗi. Tun 2015 fa JAMB ta koma kwamfuta gaba ɗaya.

A 2025 da sakamako ya fito, cikin kusan miliyan 2 da suka zauna sama da miliyan 1.5 ba su kai maki 200 cikin 400 ba, nan take aka hau zagin yara, ba sa karatu sai TikTok. Kwatsam sai ga shugaban JAMB na lokacin, Farfesa Ishaq Oloyede, yana hawaye, ya amsa cewa matsalar na'ura ta shafi ɗalibai kusan 380,000 a Legas da kudu maso gabas. WAEC ma a shekarar ai cikin dare wasu suka rubuta Turanci da tocila.

Amma ni abin da ya fi damuna ɓarnar da ake yi cikin aji ce. Da yake kiredit biyar har da Turanci da Lissafi a WAEC ko NECO shi ne komai, da shi ake yaba firinsifal da shi ake kushe shi, to malam ma ya gane inda aka dosa, daga SS2 an daina koyarwa sai haddar tsofaffin tambayoyi, a Kano ga kwalifayin a gaba, jarabawar tantance waɗanda gwamnati za ta biya wa NECO, wanda in yaro bai ci ba sai dai babansa ya nemo kuɗin NECO ko ya haƙura. Yaron da ke baya a karatu kuwa babu mai lokacinsa, ba zai kawo lamba ba. Mai ɗan hali sai ya kwashe nasa ya kai mirakul santa, cibiyar satar amsa, a rubuta masa amsa a allo, ya fito da A1 a Turanci amma wasiƙar neman aiki ta gagare shi.

Kuma a haka ministan ilimi Tunji Alausa ya ce a 2025 WAEC da NECO ma su koma kwamfuta. Ranka ya daɗe, makarantar da ko wayar NEPA ba a ja mata ba, ina za a jona kwamfutar?