Jigilar kaya a Gana, daga Tema zuwa iyakar Paga: asarar tun kafin a tada inji take farawa

A Dawanau ko kasuwar Singa ta Kano, magana ɗaya tsakanin Alhaji da direba ta isa a yi lodi. Ɗan kamasho ya tsaya shaida, a yi musabaha, mota ta kama hanya. Wannan amana dukiya ce, da ita fatake suka yi ta kai goro daga ƙasar Asante ta hanyar Salaga har Kano. Amma wanda ya zo Kumasi ko Akra da ita kaɗai, ba awo ba takarda, jarinsa zai narke yana ji yana gani, kuma abin yana ci mini rai domin yawancin masu faɗawa ramin nan 'yan uwanmu ne na zango.

A gida, direban da ya lafta kaya har sifirin ya kwanta shi ake kira gwani. A nan sikeli ne alƙali. Dokar 2005 ta ƙasashen sefa irin su Burkina da Nijar, wadda ake kira doka ta 14, ta tsayar da tan 51 ga tirela mai gatari shida (gatari shi ne ƙarfen da ke riƙe da tayoyi), kuma nauyin motar kanta yana cikin lissafin. Idan kai da bodi sun ci tan 20, saura 31 ke nan, wato buhu 620 na kilo 50. Inda mutane suka fi ruɗewa shi ne, ko jimillar ta yi daidai, kowane gatari awonsa daban. 'Yan dako suka jibge kayan a baya don su gama da wuri, sikeli zai kama ka. Daga nan sai tara, sai sauke rarar a bakin hanya, sai hayar wata motar, ga kuɗin gadi. Buhu hamsin ɗin da aka ƙara don riba ba za su biya rabin wannan ba, balle a zo ga tayar da za ta fashe a zafin Tamale zuwa Bolgatanga. Maigida, ka tsaya a kan lodin da kanka, ko ka tsayar da wanda ya san rabon nauyi, kuma a auna motar tun ba ta bar gari ba.

A tashar jiragen ruwa ta Tema kuwa kwanaki ne ke cin mutum. Kwantena ta sauka, agogo biyu ne ke tafiya: na kamfanin jirgi mai jiran a dawo masa da kwantenarsa, da na tashar mai karɓar kuɗin ajiya. Kowane yana da kwanakin rangwame, suna ƙarewa kuɗi ya fara hawa kullum. Tun 2020 kwastan na Gana ke aiki da tsarin ICUMS, wanda ke ba da damar shigar da bayanan kaya kafin jirgi ya iso. To me zai sa a jira sai kaya sun sauka sannan a fara neman ejan mai fitar da kaya? Suna ɗaya ya saɓa tsakanin takardar jirgi da rasidin sayen kaya, mako guda ya tafi wajen gyara. Kuma agogon kamfanin jirgi ba ya tsayawa ranar da ka fita daga tasha, sai ranar da ka mayar da kwantena wayam.

Kayan da ke wucewa zuwa Burkina ko Nijar suna tafiya ne da hatimin kwastan da na'urar bin sawu, a kan hanyar da aka rubuta. Kauce mata ko taɓa hatimin laifi ne babba, ko da niyyar direba ya biya gida ya gaida iyali ne kawai.

Sai yanka farashi, inda nake ganin mun fi yi wa kanmu illa. Mutum ya lissafa man zuwa, ya ɗora ɗan abin da yake so, shi ke nan. Ina man dawowa idan ba a samu kaya ba? Ina la'adar ɗan kamasho, abincin direba da yaron mota na kwanakin jira a iyaka, kason taya da birki da juyen mai? Masu ɗauko albasar Galmi zuwa Kumasi, ko Adjen Kotoku inda aka mayar da kasuwar albasar Agbogbloshie a 2021, sun daɗe da gane cewa kayan komawa ake fara ƙullawa kafin a amsa na zuwa. Ga kuma canji: an biya ka da sidi, kana kashe sefa daga Dakola, garin iyaka na ɓangaren Burkina, zuwa gaba. Wanda ya ga faɗuwar sidi a 2022 ba zai yarda a biya shi cikon kuɗi bayan wata biyu a tsohon farashi ba. Tun da Nijar da Burkina da Mali suka fice daga ECOWAS a Janairun 2025, ga tafiyar Yamai ta koma jiran ayari mai rakiyar soja ta Dori da Tera, kwanakin hanya ma sai an sa su cikin ciniki.

Inshorar da ake nunawa a iyaka, katin nan mai ruwan ƙasa, ɓarnar da mota ta yi wa wani take biya. Ba ruwanta da kayan Hajiya da ruwan sama ya jiƙa saboda tamfol ya yage. Inshorar kaya daban ake yanka ta.

Rubuta takarda ba zargin ɗan uwa ba ne. A sa adadin buhu, nauyi, lambar mota, lambar hatimi, abin da aka biya da abin da ya rage, da wanda zai ɗauki kuɗin jira idan mota ta wuce kwana biyu ba a sauke ba. Mai kaya ya sa hannu, direba ya sa, a ɗauki hoton kayan kafin a rufe tamfol, a tura wa mai karɓa ta WhatsApp tun motar tana tasha.