Wayfai ɗin makaranta: abin da ƙanwata ta sha a Kaduna da abin da na tarar a nan

Watan jiya na aika wa autar gidanmu sabuwar laftof ta hannun wani ɗan unguwarmu da ya je gida hutu. Tana aji biyu a wata jami'a a can Kaduna, kullum daga Tudun Wada take hawa keke napep ta tafi lakca. Ranar da ta buɗe kwalin ta kira ni ta bidiyo tana ta murna, Mama na bayanta tana sa albarka, ko ledar da ke jikin allon ba ta ɓare ba. Washegari ta sake kira amma murya ta canza, "Yaya abin nan fa ya ƙi wucewa, wai sai na haɗa shi da intanet." Haka Windows 11, manhajar da ke tafiyar da laftof ɗin, yake, tun kunnawar farko yake neman netwok. Na ce ki tafi da ita makaranta mana ai kuna da wayfai.

Ta je, sunan wayfai ɗin ya fito, amma kalmar sirrin fa? Wannan ya ce ta tambayi shugaban aji, wancan ya ce ta je ofishin masu kwamfuta, ta je ta tarar da kwaɗo a ƙofa. Can wata ƙawarta ta turo mata ta WhatsApp, ashe kalma ɗaya ce kowa ke amfani da ita, ɗalibi da malami har da wanda ba ɗan makarantar ba. Ta zauna gindin darbejiya kusa da laburare inda aka ce nan sabis ya fi ƙarfi, laftof a cinya jaka a ƙasa, ya nuna ya haɗu amma shafi ɗaya bai buɗe ba har aka kira la'asar. Ƙarshe da wayarta ta haɗa, Windows ya kama sabunta kansa ya cinye mata datar wata guda a dare ɗaya, ga shi tun Janairun 2025 da hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince wa kamfanonin waya ƙarin farashi na kashi 50 cikin ɗari data ta zama abin lissafi a gidan talaka. Wallahi abin ya tsaya min a rai.

Ni a nan Ingila da na zo, abin da na tarar sunansa eduroam. Ba kalma ɗaya ake raba wa jama'a ba, kowane ɗalibi da nashi, imel ɗin da makaranta ta ba ka shi ne sunanka, da kalmar sirrinka kai kaɗai. Nima ranar farko ya ƙi, saboda ban rubuta ɓangaren da ke bayan alamar @ ba, kuma wannan ɓangaren ne ke nuna wace jami'a za a tambaya ko kai nata ne. Na je teburin taimako a ƙasan laburare, wata mata ta juyo da laftof ɗin wajenta, ta sa min wata 'yar manhaja mai saka takardar shaidar makaranta a cikin na'ura don kada wani ya buɗe wayfai na bogi da suna iri ɗaya ya kwashe min kalmar sirri, minti goma ba a yi ba an gama. Daga ranar ban ƙara taɓa saitin ba. Na je taro wata jami'a a wani gari, ina buɗe laftof ta hau da kanta, don tsarin ɗaya ne, a Holan aka fara tunaninsa a 2002 yanzu kuma ya kai ƙasashe sama da 100.

Na san abin da wasu za su ce, ai su suna da kuɗi da wuta. Gaskiya ne, rauta, wato na'urar da ke ba da wayfai, ba ta aiki da an ɗauke wuta, kuma ba na raina wahalar dizal. Amma matar nan ta teburin taimako ita ce abin da na fi gani, mutum ɗaya da aka ce wannan aikinki ne, ga kujerarki ga lokacinki. Muna da yara a Kaduna da suka fi ni iya harkar nan nesa ba kusa ba, je ka wajen masu gyaran waya a Kasuwar Sheikh Gumi ka gani, balle waɗanda suke karanta kimiyyar kwamfuta a makarantun kansu. Me zai hana a ɗauki biyar ko shida a dinga ba su ɗan alawus su zauna bi da bi? Kuma raba wa kowa asusunsa ba tsada ce da shi ba, tunda dama kowane ɗalibi yana da lambar rajista. In kalma ɗaya ce, mutum guda mai sauke finafinai ya isa ya shaƙe layin gaba ɗaya kuma ba a san ko waye ba, in kowa da nashi ana iya yanka masa iyaka. Ga NgREN, netwok ɗin bincike da ilimi na Najeriya, da aka ƙaddamar a 2014 don haɗa jami'o'inmu, ga TETFund da ke zuba kuɗi a manyan makarantu, hanyar tana nan ba sai an ƙirƙiro sabuwa ba.

Ita dai autar na nuna mata inda za ta shiga saitin wayfai ta kunna maɓallin da ke gaya wa Windows cewa datar nan ta awo ce, ya daina jan manyan kaya ba da saninta ba. Na kuma ce kada ta shiga manhajar banki a layin da kowa ya san kalmarsa. Jiya ta ce min ita da 'yan ajinsu sun rubuta wa shugaban sashensu takarda, mutum 43 suka sa hannu, ranar Litinin za su kai.